Amsa ga mai tambayar inda za ta kalli finafinan Koriya da na Chaina

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, na bari sai da na sallami yara makarantar allo don in zauna in amsa miki a tsanake. Kin ce kin gaji da kai memori wajen masu turi a ba ki fim babu kashi biyu a tsakiya, kina son sanin manhajar da za ki sa a waya, da yawan datar da za ta ci, da kuma ko za ki iya kallo yara suna ɗakin. Na haura shekara 15 ina wannan kallo, tun zamanin faifai, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Kada ki fara da tambayar wace manhaja ce ta fi. Ki fara yanke shawarar fim ɗin da kike so, sannan ki nemi inda yake. Dalili kuwa, babu manhaja ɗaya da ta tara duka. Tashoshin Koriya irin su KBS da MBC da SBS da tvN suna sayar da izinin nuna fim ne yanki-yanki, wannan kamfani ya sayi na Amurka, wancan ya sayi na ƙasashen Larabawa, mu nan wani lokaci ba wanda ya saya mana. Shi ya sa za ki ga ƙawarki da ke Saudiyya tana yabon wani fim, ke kuma ki buɗe manhaja iri ɗaya da tata a Kano a rubuta miki cewa ba a nuna shi a yankinku. Wayarki lafiyarta ƙalau, izinin ne bai iso nan ba. Idan kin gane wannan, ba za ki biya kuɗin wata a wuri uku kina neman fim ɗaya ba.

Ga yadda na same su. Netflix ta shigo Najeriya a watan Janairun 2016, da naira ake biyanta, kuma tana da ƙaramin tsari na waya kaɗai wanda ya fi sauran araha. A wurina ita ce ta fi kwanciyar hankali wajen sababbin finafinan Koriya, don a 2023 kamfanin ya sanar zai zuba dala biliyan 2.5 a harkar finafinan ƙasar cikin shekara huɗu, kuma kowa ya ga alamar hakan. Sai Viki, ta kamfanin Rakuten na Japan, wadda masu sa kai ne suke yi mata fassarar ƙasan allo. Fassararta na fi so a kan ta kowa, saboda sukan tsaya su bayyana miki ma'anar wata kalma ko al'ada, amma a nan ne matsalar yankin ta fi cizo. Na Chaina kuwa ki duba iQIYI da WeTV, sukan bar kashin farko-farko kyauta da talla, sauran sai mai biya. Kuma kafin ki biya ko sisi, ki leƙa YouTube. Kamfanonin Chaina Youku da Tencent Video da iQIYI duk suna da tashoshinsu na kansu a can, suna ɗora finafinai da yawa cikakku, haka ma KBS World. Ki tabbatar dai tashar ta kamfanin ce, mai alamar tantancewa kusa da sunanta.

Maganar data ita ce ta fi damun kowa, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025. Lissafin da Netflix ta bayar shi ne, hoto mafi ƙanƙanta yana cin kusan 0.3GB a awa ɗaya, matsakaici 0.7GB, mai haske sosai kuwa har 3GB. Fim ɗin Koriya na zamani galibi kashi 16 ne, kowane kashi awa ɗaya da 'yan mintuna, ki ce awa 18 ko 19 gaba ɗaya. To a mafi ƙanƙanta ba za ki kai 6GB ba kin gama fim ɗin, a matsakaici wajen 13GB, a mai hasken kuma kin haura 50GB. Fim ɗaya ne, labari ɗaya, kuma a fuskar waya bambancin hoton bai taka kara ya karya ba. Ni abin da nake yi, ina sayen datar dare, in sa wayar a caji, in jera kashi biyar ko shida su sauka, in kwanta. Washegari in kashe data in yi kallona, ba tsayawa ba juyawa. Ki shiga saitin manhajar ki rage ingancin saukewa tun ranar farko, sannan ki kashe abin nan da ke sa kashi na gaba ya fara da kansa, don shi ne yake cinye data idan barci ya ɗauke ki. Ki kuma sani cewa abin da kika sauke yana zaune ne cikin manhajar, ba ya turuwa zuwa wata waya, wasu ma suna da wa'adi, idan ya cika sai kin sabunta.

Ba dole ba ne ki biya kowane wata. Ki rubuta finafinai biyu ko uku da kike so, ki biya wata ɗaya, ki kalle su, ki dakatar da biyan kafin watan ya zagayo. Lokacin azumi da lokacin jarrabawar yara ni ba na biya sam.

Abu biyu nake roƙonki ki guje musu, duka biyun sun same ni. Na farko, masu tallar gurbi a asusunsu, su ce ki turo kuɗi kaɗan su ba ki lambar sirri. Na taɓa biyan wani, kwana tara na yi ina kallo aka canza lambar, ina tsakiyar fim, na kira har na gaji ba a ɗauka ba. Na biyu, shafukan kyauta na satar fasaha. Wata rana ɗiyata mai shekara bakwai tana jingine da kafaɗata muna kallo, na taɓa allon don in ƙara murya, sai ga wani hoton talla na batsa ya cika fuskar wayar. Na kifa ta a cinyata, amma ta riga ta gani, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Tun ranar na bar su. Ga shi ba su da tabbas, wanda ya fi kowanne suna a cikinsu, Dramacool, ya rufe a watan Nuwamban 2024, mutane suka wayi gari babu shi.

Yanzu batun kallo da yara, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Mu da muka fara da tsofaffin finafinan tarihi mun ɗauka duk na Koriya masu kunya ne, kuma da gaskiyarmu a lokacin, don an yi su ne domin talabijin ɗin gida da iyali ke kallo tare. Waɗanda ake yi yanzu musamman domin manhaja ba su da wannan takunkumin. Squid Game, wanda ya fito a watan Satumban 2021, wasannin yara ne a cikinsa da kaya masu launi, shi ya sa yara suke ɗoki, amma kisa ne tsagwaronsa, kuma na manya ne. Ki riƙa duba lambar shekarun da ke jikin kowane fim, 13+ ko 16+ ko 18+, ki buɗe wa yara nasu ɓangaren, naki ki sa masa lambar sirri. Ko a masu tsabtar ma za ki ga giyarsu da suke kira soju a kan tebur kusan kowane kashi, da gasasshen naman alade. Al'adarsu ce, ba sa ɓoyewa. Ni nakan kalli kashin farko da na biyu ni kaɗai kafin in yarda wani yaro ya zauna, kuma idan an zo wurin shan na faɗa musu kai tsaye cewa wannan ba namu ba ne.

Kin kuma ce Turancinki bai yi ƙarfi ba. Kada wannan ya hana ki. A waya, Netflix da YouTube suna bari ki rage gudun fim zuwa 0.75, rubutun ya daɗe kaɗan ki karanta. Idan kin yi Islamiyya mai zurfi, da yawa suna da fassarar Larabci. Waɗanda ake juyawa zuwa Hausa ma ina kallonsu da Hajiyarmu, kuma ina jinjina wa masu aikin, sai dai sukan yanke wurare su ƙara barkwancin da babu shi a asali. Shawarata ki bar muryar Koriyancin ki saurara. Cikin mako biyu kunnenki zai fara kama abin da fassarar Turanci take zubarwa. Mace tana kiran yayarta eonni, yayanta namiji oppa, namiji kuma yana kiran yayansa namiji hyung, yayarsa noona. Ƙarami ba ya kiran babba da gatsal ɗin sunansa, kamar dai yadda ba za ki kira Yaya da sunansa ba. Rubutun Turancin sai ya sa sunan mutum kawai, girmamawar ta ɓace. Ranar da wata ta daina kiran wani da muƙaminsa na ofis ta koma ce masa oppa, alamar kusanci ce, labarin ya juya ke nan, mai bin rubutu kaɗai ba zai lura ba.

Wanda za ki fara da shi ya danganta da abin da ke taɓa zuciyarki. Idan tarihi da yaƙi ne, Jumong na 2006, kashi 81, labarin maharbin da ya kafa daular Goguryeo, shi ne ya shigar da yawancinmu. Idan makircin fada ne da kishi, na Chaina sun fi kowa, Story of Yanxi Palace na 2018 kashi 70 ne, kuma kowane kashi bai wuce minti 45 ba. Amma ni biyu ne suka zauna mini a rai.

Na farko Jewel in the Palace na 2003, kashi 54, labarin Jang-geum, yarinyar da ta shiga ɗakin girkin fada tun tana ƙarama har ta zama likitar sarki a zamanin daular Joseon. Da Hajiyarmu na kalle shi a faifai, ba ta karanta Turanci, ni nake fassara mata. Akwai wurin da malamar girkin ta aiki yarinyar ta kawo mata ruwan sha, ta kawo, aka mayar da ita, ta sake kawowa, aka sake mayar da ita, kwana da kwanaki. Sai ranar da ta tsaya ta tambayi malamar lafiyar cikinta da ta maƙogwaronta, sannan ta kawo ruwan ɗumi da ɗan gishiri, aka karɓa. Hajiya ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta ce in mayar da wurin baya. Da muka sake kallo ta ce haka kakarta ta koya mata girki a Ɗanbatta, wai ba a ɗora tukunya sai an san wanda zai ci.

Na biyu Reply 1988, na tashar tvN, ya fito a 2015, kashi 20. Gidaje biyar ne a lungu ɗaya a unguwar Ssangmun-dong ta birnin Seoul, a shekarar da aka yi gasar Olamfik a can. A kashin farko akwai lokacin cin abincin dare, kowace uwa ta ɗora wa ɗanta kwano ya kai maƙwabta, can ma a juye a zuba masa wani abu ya dawo da shi, yaran suna ta karo da juna a tsakiyar lungu kowa da kwano a hannu, har teburin mutumin da matarsa ta rasu ya cika da girkin maƙwabta. Na tsayar da fim ɗin a wurin na daɗe ban ci gaba ba, don lungunmu na gani gab da shan ruwa, ni da kwanon ƙosai ina sauri kada a kira salla. Kashinsa suna da tsawo, na ƙarshe-ƙarshe sun haura awa ɗaya da rabi, saboda haka ki lissafa masa data fiye da sauran. Ki fara bincika sunansa a manhajar kafin ki biya, don finafinai suna shiga suna fita idan wa'adin izininsu ya ƙare. Idan kin same shi, ki daure wa kashi biyun farko, hayaniyar gidan su Deok-sun, jarumar fim ɗin, takan kori mutane da wuri, daga na uku za ki saba da muryoyinsu.

Ki faɗa mini irin wayarki da girman ma'ajiyarta, sai in gaya miki kashi nawa za ta ɗauka a sauke ɗaya.