Kafin motar agaji ta iso

Mai sunan Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya same ni tun ran Laraba. Ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take buga wannan ina faɗa mata, don idon nan ya fara gardama da ƙananan rubutu.

Na ji ka bar ƙungiyar agajin nan ka karɓi koyarwa a jami'a, a cibiyar da ake karantar da yadda za a tari bala'i da yadda za a kai ɗauki in ya auku. Allah ya sanya albarka. Mahaifiyarka ta zo nan da ƙorafin albashin bai kai rabin na da ba, ga yajin aiki, har ta tuna mini da na 2022 da aka yi wata takwas jami'o'i a rufe. Na ce mata gaskiyarta ne, amma aikin ƙungiya na kwangila ne, ranar da masu ba da kuɗin suka juya baya shi ke nan. Kai dai ka dage ka gama digirin nan na uku, tunda an ce ba a hawa sama sai da shi.

Tambayarka ce ta hana ni barci. Ka ce lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya ci Maiduguri, kun tarar da wani dattijo da ya ƙi shiga layi, ya ƙi a rubuta sunansa, ya ƙi a ɗauke shi hoto, alhali ko tabarma bai fita da ita ba. Abokan aikinka suka ce girman kai ne. Kana so ka san ko al'ada ce, da yadda mutanenmu suke yi tun kafin a san hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, don ka samu abin gaya wa ɗalibai.

Ba girman kai ba ne, ɗana. Mutumin nan asirinsa yake rufewa, shi kaɗai ne ruwan ya bar masa.

Kakata ta ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, gyaɗa ta yi kuɗi, Bature yana son harajinsa, sai damina ta ƙi. Ta ga 'Yar Buhu a 1927, ta ga 'Yar Gusau a 1942. Ka lura, kowace yunwa sai da aka raɗa mata suna kamar jaririya, da sunan ne tsofaffi suke ƙidaya shekarun haihuwa da na aure. Ko ta 1984, 'yan'uwanmu na Nijar El-Buhari suke ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi. Wannan ma abin karantarwa ne, don tarihin bala'in ƙasar nan yana bakin tsofaffi fiye da yadda yake a takarda.

Abu na farko da mutanenmu suke tarar yunwa da shi rumbu ne. Magidanci na ƙwarai yana da rumbun ci, yana da rumbun tsimi wanda ba a taɓa shi sai wuya ta yi wuya. Gero a zangarniyarsa yana shekara biyu ko uku bai lalace ba. Kuma ba kowa ke leƙa rumbu ba, maigida ne yake fitar da dami ya ba mata su sussuka. Kada ka ɗauka rowa ce. Ana yin haka ne don kada maƙwabci, kai har yaran gida, su san ko an kusa kai ƙasa. Da kaka a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in noman rani ne da ban ruwa.

Sai ciyayya, wadda ita ce nake so ka tsaya a kanta. Kowace yamma kwanonin tuwo suna zirga-zirga tsakanin gidaje, yara na ɗauke da su a rufe da faifai. A shekarar wadata wannan zumunci ne kawai. A shekarar yunwa kuwa, ita ce hanyar da abinci ke shiga gidan da ba a ɗora tukunya ba, ba tare da kowa ya ce sadaka aka kai ba, tunda jiya ma an kai, bara ma an kai. A farin 1973 ina saurayi, ina aikin malamin gona a ƙasar Daura, na ga mahaifiyata tana fitowa tsakar gida bayan la'asar tana duban sama ta kan katanga. Na zaci hadari take nema. Ashe hayaƙi take ƙirgawa. Gidan da ba ta ga hayaƙinsa kwana biyu ba, sai ta ƙara malmala a kwanonsu, ta ce wa yarinyar da za ta kai, "Ki ce a ɗanɗana mini miyar nan, na ji kamar gishiri ya yi yawa." Kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Ko ɗan kwaɗon tafasa ne, ko ƙwayar goriba biyu, sai an saka, don mai karɓa ma ya zama mai bayarwa.

A shekarar ce motar hatsin gwamnati ta zo garinmu. Aka tsaya a ƙofar fada, aka yi shela, aka kama kiran suna da ƙarfi. Masu baki suka cika gaba. Wani maƙeri da na sani, wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, bai fito ba. Ni ne mai riƙe da takardar, kuma na rubuta cewa an raba wa kowa. Har yau abin yana cina. Da dare mai unguwa ya aiki ɗansa da mudu huɗu a cikin tsohuwar riga, aka ajiye a zauren maƙerin, ba sallama.

Gobara da ambaliya kuwa nasu daban ne. Da safe a zo jaje: "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri, Allah ya tsayar nan." Ba a zuwa hannu rabbana. Wannan ya kawo azara, wancan zana, wani shuci, mata su haɗo tukunya da zani, samari su yi gayya a ta da ɗaki kafin mako. Ana ce da shi gudummawa, kuma gudummawa bashi ce da ba a rubutawa, kowa ya san ranarsa na zuwa. Fulani suna da habbanaye, a ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyi a Nijar sun ɗauki wannan suna yi da awaki, kuma ya karɓu, don mutane sun san shi tun kaka da kakanni.

Amma kada ka shiga aji ka ce da can komai daidai yake. Duk wannan yana aiki ne in gida ɗaya ko goma abin ya shafa. In gari gaba ɗaya ya faɗi, wa zai kai wa wa? A nan ne ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗaci kafin su ciwu, a fasa gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi, maza su tafi cin rani wasu ba su dawo ba. A nan ne kuma mai hali yake ba da dami ɗaya a biya shi biyu da kaka, gona ta tafi jingina ba ta dawo ba. Bazawara da baƙo da almajiri su ne ciyayya take mantawa da su. Farin nan na 1973 shi ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar agajin gaggawa a 1976, wadda ta rikiɗe ta zama NEMA a 1999, kuma ba don wasa aka yi ba. Dole a yi rajista, na sani, in ba haka ba kayan su ƙare a kasuwa.

Ɗalibanka, ka ce yawancinsu ma'aikatan hukumomin agaji na jihohi ne da sojoji da 'yan Red Cross. To su ne masu riƙe takarda gobe, kamar yadda na riƙe. Ka tambaye su ko lallai sai an kira suna da lasifika. Ko ba za a iya bin gida-gida da mai unguwa da limami da wata dattijuwa da matan unguwa suka yarda da ita ba. Ko hoton nan na mutum rungume da buhu, wa yake amfana. In ka aike su bincike ƙauye, kada su fara da "buhu nawa ya rage maka?" Ba wanda zai gaya musu gaskiya, mai shi zai rage, marar shi zai ƙara. Su fara da jaje, su zauna a tabarma, su sha ruwan da aka kawo musu.

In za ka zo da Sallah, ka taho da abin ɗaukar maganar nan naka. Gwaggonka ta Sandamu tana nan da hankalinta garau, ta san sunayen yunwa guda biyu da ni ban riƙe ba, ta kuma iya jiƙon anza. Sai dai ba ta magana da rana tsaka, ka bari sai bayan isha'i. Ka taho mini da maganin ɗigawa a ido, irin na wancan karon. A gaida mai ɗakinka da yara.

Baffanka.