Amsar Goggo kan dakashi da ba jariri ruwa

'Yata, na ga tambayarki. Kin ce watan haihuwarki ya kama, kuma manya suna faɗa miki a matse nonon farko a zubar don ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwa kafin nono ya kawo. Kina son sanin ko ki bi.

Masu faɗa miki haka ƙaunarki suke yi, abin da suka taras ke nan, don haka ki amsa musu da ladabi. Amma dakashin nan kada ki bari a zubar ko ɗigo. Kaurinsa da launinsa ruwan ɗorawa ne suka sa ake ƙyamarsa, alhali abin da ya ba shi kaurin shi ne sinadaran garkuwar jiki da ke lulluɓe hanjin yaro su tare ƙwayoyin cuta. Shi ne kuma yake tura baƙin kashin farko ya fita, wanda hakan ke rage ciwon shawara. Kaɗan yake zuwa, to amma cikin jariri ranar farko bai ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda. Ki sa a kwantar miki da shi a ƙirji, fata da fata, ya kama nono cikin sa'a ta farko.

Ruwa kuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ko ana tsananin zafi ya ishe shi. Ruwan da aka ɗura masa yana cike ɗan cikin nan ya rage tsotso, in ba mai tsabta ba ne kuma ya kawo gudawa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke cewa nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Zuma ma kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara.

Inda na fi so ki natsu shi ne yadda zai kama nonon, domin yawancin kukan "nonona bai isa ba" da ciwon kan nono daga nan suke tasowa. Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa a jikin cikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi guda. Babu mai iya haɗiya da wuya a murɗe. Ki sa hancinsa daidai kan nono, ki shafa masa leɓen sama, ki jira. Sai ya wangale baki kamar mai hamma za ki jawo shi da sauri. Shi ake kawowa wurin nono, ke ba ki sunkuya masa. In ya kama daidai, haɓarsa na taɓa nono, leɓen ƙasa ya naɗo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa, kumatunsa a cike, kina jin haɗiyarsa bayan tsotso ɗaya ko biyu. In kuwa kan nono kaɗai ya riƙe, zai yi ta murza shi da dasashi har ya tsage, nonon bai fito sosai ba, shi yana kuka ke kina kuka. Idan zafin ya wuce 'yan daƙiƙun farko, ki zura ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, ki sake. Kada ki fizge. In kan nonon ya riga ya tsage, ki shafa ɗigon nononki a kai ki bar shi ya sha iska, kuma ki daina wanke wurin da sabulu.

Ki ba shi duk lokacin da ya nema, sau 8 zuwa 12 a kwana guda, har da dare, don da dare sinadarin da ke sa jiki haɗa nono ya fi yawa. Tsotson hannu da juya kai yana buɗe baki alamar yunwa ce, kuka kuwa ya riga ya makara. Ki bari ya gama ɗaya kafin ki juya shi, saboda nonon ƙarshe ya fi maiƙo. Ki sani nono kamar rijiya yake, yawan ɗiba ke sa ya kawo. Ma'auninki ƙunzugu: daga kwana na 5, ya jiƙa aƙalla 6 a kwana, kashi ya koma ruwan ɗorawa mai laushi. Laushin nan ba gudawa ba ne. Zai ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar kafin mako 2.

Tsakanin kwana na 3 da na 5 nono zai kawo, wani lokaci ya cika ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa. Ki ɗora ɗan tsumma mai ɗumi na 'yan mintoci, ki tatsa kaɗan: babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, kamar faɗin yatsu biyu daga kan nono, ki danna baya wajen ƙirji, ki matse, ki saki. Da wurin ya yi laushi ki sa shi. Bayan ya sha ki ɗora mai sanyi. Ban da murza mai ƙarfi, ƙara kumburi take yi.

In wani gefen nonon ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da ciwon jiki, za a ce miki nonon ya lalace ki hana yaro. Kada ki hana, ba ya cutar da shi, kuma barin nonon a ciki ne yake kaiwa ga ƙurji mai mugunya. Ki ci gaba da ba shi, ki huta, ki sha ruwa. In kwana ɗaya ya wuce babu sauƙi, ki je asibiti, akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha.

Shi kuma jaririn, in ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya saki ba ya farkawa don shan nono, ko ya yi zafi, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti nan take. Ranar awonki na gaba ki roƙi surukarki ta raka ki, ta ji bayanin dakashi daga bakin ungozoma da kunnenta, ke sai ki yi shiru.