Amsar tambayarka kan fom ɗin nan na sauyin yanayi

Toh yarona naga saƙonka. Kace kamfanin da ya bamu aikin bulo da kwalbati sun turo fom ta hannun injiniyansu, suna tambayar lita nawa na dizal muke ƙonawa a wata, daga ina muke ɗebo yashi, ko ruwa ya taɓa cin filin bulonmu, da kwana nawa damina take tsayar mana da aiki, kai kuma kana tsoron ko wata hanya ce ta ƙaƙaba mana sabon haraji, har kana cewa mu rubuta babu babu kawai mu mayar musu. Kar ka rubuta komai tukuna. Ba takardar haraji bace, kuma in ka rubuta babu a ko'ina mu zaka cuta ba su ba.

Kai abun da ka saba gani in ana neman kwangilar gwamnati shine takardar rajistar kamfani, takardar shaidar biyan haraji, ta fansho, ta ITF wato asusun horar da ma'aikata da ta NSITF wato asusun inshorar ma'aikata, irin waɗanda ake nema a ƙarƙashin dokar bada kwangila ta 2007. Duk waɗannan tambayarsu ɗaya ce, shin kai halastaccen kamfani ne kana biyan haƙƙi. Wannan fom ɗin tambayarsa daban ce. So suke su sani in sama ta ɓalle da ruwa ko zafi ya wuce kima, aikin da suka ɗora maka zai tsaya ko zai tafi. Kuma kamfanin ma ba don son ranshi yake tambayarmu ba, shima wanda ya bashi kuɗin ne ya tambaye shi, shi kuma bazai iya amsawa ba sai ya bi layi ya tambayi mai tifa, mai bulo, mai rodi, mai walda, tunda ba shine yake ɗebo yashin da kanshi ba.

Abun daga waje ya taso. A Ingila tun Satumbar 2021 duk kamfanin da ke neman babbar kwangilar gwamnati, wadda ta haura fam miliyan 5 a shekara, sai ya kawo takarda yana nuna yawan hayaƙin da yake fitarwa da yadda zai rage shi, da alƙawarin nan da 2050 ya kai matakin da abun da yake fitarwa bai wuce abun da ake shanyewa ba. A Amurka kuma a Nuwambar 2022 lokacin Biden suka fito da daftarin doka, duk ɗan kwangilar da ke karɓar dala miliyan 7.5 zuwa miliyan 50 a shekara daga gwamnatin tarayya ya bayyana hayaƙin injinansa da na wutar da yake saya, wanda ya haura miliyan 50 kuwa sai ya ƙara da na masu kawo masa kaya, sannan ya faɗi irin haɗarin da sauyin yanayi ke yiwa kasuwancinsa. Wannan daftarin bai zama doka ba, a Janairun 2025 aka janye shi kwanaki kaɗan kafin a rantsar da Trump. Amma kaga wancan sashen na masu kawo kaya, shine dai ya gangaro har filinmu a Gombe, don manyan kamfanoni da bankunan da ke bada bashin ayyuka sun riga sun saba da tambayar, basu daina ba. Mu ma a nan Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwambar 2021, kuma a cikinta akwai inda akace kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya ajiye jami'in da zai riƙa bada rahoto akan harkar duk shekara. Mu bamu kai nan ba, amma wanda ya bamu aikin ya wuce nan nesa.

Yanzu ka duba fom ɗin da kyau zaka ga tambayoyin kala biyu ne. Na farko na hayaƙi, wannan mai sauƙi ne, lissafi ne kawai. Lita ɗaya ta dizal in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar carbon dioxide mai ɗumama duniya da suke magana akai, toh ka haɗa risit ɗin man janareta da na injin buga bulo da na tifa in namu ne man, ka basu litocin, su zasu ninka da kansu. Ka rubuta musu buhun siminti nawa muke ci, don a wajensu siminti shine babba, yin siminti kaɗai yana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iskar a duniya, saboda dutsen da ake ƙonawa a murhun kamfani irin na Ashaka shi kanshi yana sakin iskar banda man da aka ƙona shi dashi. Ni dai a ganina namu hayaƙin bai taka kara ya karya ba, janareta ɗaya da tifar haya, amma tunda sun tambaya a basu gaskiya, shikenan.

Kala na biyun shine nake so ka zauna ka nutsu akai, don shine ainihin sana'armu. Tambayar ko ruwa na cin filinku, kai kasan amsar ai, kasan inda ruwa ke kwanciya ta kusurwar gabas har sai mun ɗage sabon bulo zuwa kan tudu. Kasan in Agusta ta shiga kogi ya cika, masu ɗiban yashi basa iya shiga, tifa ta maƙale a laka, yashin da ake samu yazo da taɓo a ciki, kuma yashi mai taɓo in ka buga bulo dashi zakaga yana murmushewa a hannu ko ka ƙara siminti. Kasan a Maris da Afrilu zafin Gombe na haura digiri 40, in ka zuba kankare da tsakar rana saman ya bushe kafin cikin ya kama, gobe ka tarar da tsaga kamar tafin ƙafa a hunturu, shi yasa nake tada ku da asuba ko mu bari sai la'asar, kuma nake matsa muku a bashi ruwa aƙalla kwana 7, don kankare sai kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa. Toh ruwan da zamu shayar dashi ɗin ma a bazara saya muke a tanka, rijiya tayi ƙasa. Duk wannan shine haɗarin yanayi da suke nema, mun daɗe muna fama dashi, rubutawa ce kawai bamu taɓa yi ba.

Kuma kar kaga laifin mai tambaya. A daminar 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum ta jihar Bauchi, sannan a Satumbar shekarar madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ka ɗauka kai ne gwamnati ka bada aikin asibiti ko makaranta, ɗan kwangilarka lafiyarsa ƙalau ofishinsa ko ɗigo bai taɓa ba, amma hanyar da rodinsa ke bi ta yanke, aikin ya tsaya wata biyu, farashin kaya ya tashi, ya dawo yana neman a sake duba kuɗin kwangila. Wa ya biya? Kuɗin jama'a. Shi yasa mai hankali yake so ya sani tun kafin sa hannu, hanya nawa kayanka ke bi, in ɗaya ta mutu akwai wata ko babu.

A garin nan ma ba sai an kai ka nesa ba, Gombe a cikin kwari take, ruwan da ya sauko daga tudun yamma duk cikin gari yake bi, ƙasar kuma rairayi ce, ka duba kwazazzaban da suka ci gidajen mutane har sai da aka shigo da shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, bayanshi kuma ACReSAL da bankin duniya ya sa wa dala miliyan 700 don jihohin arewa 19 da Abuja. In ka gangara wajen Yamaltu Deba kuma baƙar laka ce, da damina ta kumbura da rani ta tsattsage, in ka kafa harsashi a kanta yadda kake kafawa a tudu gini zai tsage ko da simintinka yafi na kowa. Waɗannan in sun tambayi wurin aiki ka rubuta su a fili.

Ga inda amfanin yake garemu, wanda kai baka hango ba. In ka rubuta babu haɗari, ruwa yazo ya tsayar damu sati uku, a takarda kai kace ruwa baya damunka, toh jinkirin laifinka ne, su zaftare kuɗi baka da bakin magana. In kuwa ka rubuta cewa daga Yuli zuwa Satumba yashi na wahala kuma muna rasa kwanaki, kana da hujjar neman a ƙara wa'adi, ko a bamu kuɗin somin aiki da wuri mu tara yashi tun rani. Haka kwalbati, in zanen ya nuna ƙarama kuma kai kaga alamar inda ruwa ya kai a bangon maƙwabta, ka ɗauki hoto ka haɗa da fom ɗin, ka kuma tambayi tsofaffin unguwar, sun fi takarda sanin hanyar ruwa. Injiniya ne zai yanke hukunci ba mu ba, amma a san mun faɗa.

Abun da ke ɓata min rai a harkar shine a tambaye ka duk wannan, ka faɗi gaskiya, farashinka ya ɗan ɗaga saboda ka sa kuɗin tanka da tamfol da ɗaga filin, sannan a ɗauki aikin a ba wanda yafi kowa araha wanda ya rubuta babu babu. In dai haka za'a riƙa yi toh fom ɗin cika fayil ne kawai. Wannan ba a hannunmu yake ba, amma na faɗawa injiniyan kuma zan sake faɗa.

Yanzu abun da zakayi, kar ka kai fom ɗin shagon kwamfuta a kwafo maka amsar wani. Ka sayo littafi mai bango mai ƙarfi, ka ware shafi na mai, shafi na siminti, shafi na ranakun da ruwa ko zafi ya hana aiki, kullum kafin a tashi ka rubuta da kwanan wata. Na watannin baya ka duba jakar risit da ke cikin akwatin ofis, inda babu risit ka rubuta ƙiyasi ne, kar ka ƙirƙiro lamba. Ka kira masu tifarmu ka tambaye su wurin ɗiban yashi na biyu in na farko ya cika da ruwa, da bambancin kuɗin. Sannan ka nemo hasashen damina da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara da na ambaliya na hukumar NIHSA, ka duba me sukace akan ƙananan hukumomin da muke aiki, a waya ma zaka samu. In ka haɗa ka kawo min gida bayan isha mu cike tare, ni zan sa hannu, kuma ka tabbata anyi hoton kowane shafi kafin ka miƙa musu.