Amsa kan shiga gasar zakaru ta ninkayar karɓa-karɓa

'Yar'uwa, kin tambaya ko nasarar da ƙungiyar ɗanki ta samu a tseren karɓa-karɓa na bazara ta tabbatar masa da gurbi a gasar zakaru. A yawancin irin waɗannan gasanni na yara a Amurka, gurbin na ƙungiya ne, kuma koci ne ke zaɓar yara huɗu da za su wakilce ta, galibi bisa lokacin da kowannensu ya yi a gasannin mako-mako. Saboda haka yana iya sauya yaro ko da shi ya yi tseren da ya kawo nasarar.

Ki nemi kundin dokokin gasarku, domin wasu gasannin suna sharɗanta cewa sai yaro ya fafata sau kaza kafin a karɓe shi, kuma akwai ranar da ake ƙididdige shekaru da ita wajen raba rukuni, kamar na 'yan shekara 9 zuwa 10.

Abin da na fi so ki jaddada masa shi ne karɓa: idan ƙafafunsa suka bar dandamalin da ake tsalle cikin ruwa daga kansa kafin abokinsa da zai karɓa daga hannunsa ya taɓa bango, za a soke sakamakon ƙungiyar baki ɗaya, kuma wannan yana ƙona ran yara ƙwarai.