Amsar da aka turo group kan maganar mai banjo

Salamu alaikum jama'a. To ƙanena na ji muryarka, ka ce wai me ya kai Béla Fleck, Ba'amurken nan mai kaɗa banjo (kayan kiɗa mai tsirkiya), kiɗan okestura na taron makaɗa masu yawa, alhali shi ɗan bluegrass ne, wani salon kiɗan ƙauyen Amurka. Amma ni na san inda ka dosa, so kake a ce ya raina kiɗan ƙauye ya tafi neman suna wajen masu kwat da nektai. Wallahi ba haka ba ne.

Mutumin nan fa ba ɗan ƙauye ba ne tun asali, a birnin New York aka haife shi 1958, sunan ma na Bartók aka sa masa, mai tsara kiɗan nan ɗan Hungary. A talabijin ya ji Earl Scruggs, gwanin bluegrass, na kaɗa banjo, shi ke nan abin ya shige shi. Kuma shi bluegrass ɗin da kuke ta karewa kamar gadon kaka da kakanni, yaushe aka yi shi? Makaɗi Bill Monroe ne da yaransa suka fara shi, sai 1945 Scruggs ya shigo musu da salon yatsa uku, a lokacin shi ma baƙon abu ne.

Kai baka ma san wahalar ba. Banjo kana taɓa tsirkiya, tas, sautin ya mutu, ba ya ja kamar goge. To kiɗan da aka rubuta wa goge ko fiyano, ya za ka yi da dogon sauti? Dole ka cike gurbin da ƙananan bugu a jere, ga ƙarafa biyu a yatsu ga na babban yatsa, hannu ba hutu. Haka Fleck ya yi kiɗan Bach da Chopin da Paganini, tsofaffin masu tsara kiɗa na Turai, a faifansa Perpetual Motion, 2001, shi da Edgar Meyer mai babban goge, har kyautar kiɗa ta Grammy suka ci.

Wannan ma ya tuna min wani a majalisarmu da ya kafe wai banjo kayan kaboyi ne, na Turawa zalla, har yana min dariya a gaban mutane. Haba! Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa shi a can nahiyar Amurka, ƙwarya da fata da sanda, dangin gurmi da garaya ne, je ka duba akonting, kayan kiɗan mutanen Jola na wajen Gambiya. Shi Fleck ɗin 2005 ya taso takanas, Uganda, Tanzaniya, Gambiya, Mali, ya yi kiɗa da mawaƙiyar Mali Oumou Sangaré, har fim aka yi. Na tura wa ɗan majalisar tamu bidiyon ya ce ba shi da data, har yau bai ce uffan ba, kuma kullum yana online...

Ina na tsaya ma? Yauwa, okestura. 2011 Fleck ya rubuta nasa kiɗan okestura na banjo, The Impostor, da okesturar Nashville, kuma wa ya sadaukar wa? Scruggs ɗin dai. Ni kam bai kama ni sosai ba, wani wurin okestura na danne banjon, na fi son shi da Meyer su biyu kawai. Amma ka ce ya gudu, a'a. 2021 ya dawo da faifan My Bluegrass Heart, ya tara matasan makaɗa irin su Billy Strings, ya sake cin Grammy a ɓangaren bluegrass ɗin. Je ka saurara tukuna sai ka dawo mu yi.