Tumbi ya fito, ƙarfi ya ragu: in sha maganin ƙarin jini?

Tambaya: Likita, shekarata 47, yadi nake sayarwa a Kano, daga safe har la'asar a zaune nake. Tumbi ya fito, hawa bene sai haki, tashi daga sujada sai na dafa ƙasa. Abokai sun ce in nemi maganin ƙarin jini. Mece ce shawararka?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ajiye kuɗin maganin nan tukuna. Ƙarancin jini gwaji ke tabbatar da shi, amma abin da ka lissafa ya fi kama da zaizayewar tsoka. Daga shekara 30, tsokar mutum kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, yawan zama kuma na ƙara mata gudu. Rauninta a cinya ne ke sa ka dafa ƙasa a sallah. Babu kwalbar da ke dawo da tsoka, aiki kaɗai ke gina ta.

Fara da asibiti, a auna maka jini da sukari. Hawan jini ba ya sallama, kuma in awo ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban, magani ya kama ka. Idan hakin na zuwa da ciwon ƙirji, jiri ko kumburin ƙafa, kada ka fara motsa jiki sai an duba zuciyarka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Minti 30 bayan Asuba, kwana biyar, ya cika ƙaramin adadin. Tafiya ce mai sauri, wadda za ka iya hira amma ba za ka iya jan ƙira'a ba.

Sai dai inda na fi so ka sa hankali shi ne wahalar da tsoka, aƙalla sau biyu a mako, domin nan ne masu shekarunka suka fi sakaci. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. Dafa bango ka riƙa tura jikinka gaba da baya. Ga bandir-bandir na shadda a shagonka; daina kiran yaro kullum, durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, ka ɗauko da kanka. In abin ya zama wasa, ƙara nauyi kaɗan.

Batun ci kuwa sai da haɗin kan uwargida. A rage malmalar tuwo, a ƙara wake, kifi, ƙwai, nono da zogale. Lemon kwalba da shayi mai sukari suna cikin abubuwan da ke ciyar da tumbi. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗanɗanon miya.

Tef ɗin awo na hannunka. Auna cikinka daidai cibiya duk wata. Abin nema shi ne ya gaza rabin tsawonka. Kada ka karaya in ya yi jinkirin sauka. Cikin mako shida zuwa takwas, a sallah za ka fara jin canji, tun tef bai nuna komai ba.