Tambayi Likita: Tuwon Gidajen Mutane, Azumi da Zazzaɓi a Fagen Bishara

Tambaya: Likita, sannu da aiki. Ni matashi ne, ikilisiyarmu ta turo ni aikin bishara daga Jos zuwa wani ƙauye kusa da Yagwa a arewacin Kamaru. Da safe kunun gyaɗa nake sha, da rana kuwa duk gidan da na shiga sai an dire mini tuwon jar dawa da miyar yakuwa da busasshen kifi, ga ƙwaryar ruwa ko ta nono. Ba na iya ƙi. Tun zuwana gudawa ba ta bar ni na huta ba. In daina cin nasu ne?

Amsa: Kada ka daina, ɗana. Baƙon da ya ture akushin mai gida, da wane baki zai yi masa wa'azi? Kuma tuwon ba shi da laifi. Abin da aka kwashe yana tururi, da miyar da ta tafasa, ci ka ƙoshi. Ni ƙwaryar ruwan nan nake tuhuma, sai kwanon wanke hannu da mutum biyar ke tsomawa, sai ɗumamen da wuta ta ɗan lasa kawai, da ɗanyen ganye.

Ka riƙa yawo da gorarka ta tafasasshen ruwa. In an miƙo ƙwarya, karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ka ce likita ya ɗora ka a kan naka ruwan. Ai ba ƙarya ka yi ba, ga shi na ɗora ka. Hannu kuwa a zuba maka da buta, ɗan guntun sabulu a aljihu ba ya da nauyi. Shayi mai zafi sha abinka. Nono sai ka tabbata an tafasa madarar kafin ta kwana, domin ɗanyarta na ɗauke da ƙwayar burusela mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da tarin fuka na shanu.

In gudawar ta taso, samu lita 1 ta tafasasshen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin, ka yi ta kurɓa. Tunda ta daɗe, kai bayan gida a gwada, wataƙila ƙwayar cutar hanji ce irin amiba ko giyardiya. Sayen Flagyl a tebur duk ran kasuwa ba magani ba ne. Ka ga jini, ko bayan gida tsululu kamar ruwan wankin shinkafa tare da amai, to asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Kwalara takan ɓulla a yankin da damina, kuma tana kayar da ƙato cikin sa'o'i.

Tambaya: Likita, 'yata tana aikin mishan kusa da Sar a kudancin Cadi. Kullum kifi take ci. An ce mini akwai kurkunu a can, hankalina ya tashi.

Amsa: Mama, kwantar da hankalinki. Gaskiya ne Cadi na cikin ƙasashe ƙalilan da kurkunu ya rage, kuma tun 2012 ake ganinsa a jikin karnuka a ƙauyukan bakin kogin Shari, amma mutanen da yake kamawa kaɗan ne ƙwarai. Ta tace ruwan sha ta tafasa, kifi ya dahu har ciki, kayan cikinsa a binne kada kare ya ci. Tsutsar takan yi wajen shekara kafin ta huda fata, saboda haka ko ta dawo gida, ƙurji mai raɗaɗi a ƙafa a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Abin da ya fi damuna wanka da wanki a kogi. Tsargiya ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. In ta ga jini a ƙarshen fitsari ta je a gwada. Maganin Praziquantel yana kashe ta.

Tambaya: Ina Marwa a arewacin Kamaru. Na saba azumin kwana uku ba ci ba sha kafin babban taron wa'azi. Yanzu bakin cikina na zafi, kuma jiri na ɗibata a kan babur.

Amsa: Tsakaninka da Ubangijinka ban shiga ba, amma ƙodarka tawa ce in yi magana. A watan Afrilu zafin Marwa na haura digiri 40. Kwana uku ba ruwa a wannan yanayi, ga yawo a rana, yana iya taɓa ƙoda. Zauna da fastonka ku duba azumin da ake shan ruwa, ko na safe zuwa yamma. Fitsari ya ragu ya yi duhu, a sha ruwa. Zafin cikin kuma, in kana haɗiyar ibuprofen ko diclofenac ciki wayam, bari yau. A gwada ka ko akwai ƙwayar H. pylori mai kawo gyambon ciki, tana da magani. Baƙin bayan gida ko aman jini ba a kwana da su.

Tambaya: A Najeriya na girma, ai jikina ya saba da sauro. Dole ne gidan sauro a wannan zafi?

Amsa: Dole ne. Sabon da kake taƙama da shi rabi-rabi ne, kuma wanda ya tashi a wuri mai sanyi irin tudun Jos bai kai ɗan bakin kogin Logon, da ke tsakanin Kamaru da Cadi, juriya ba. In ɗaki ya yi zafi, ɗaura gidan sauron a tsakar gida. Zazzaɓi ya zo, gwaji tukuna. In maleriya ce, Coartem sau biyu a rana har kwana 3, a bi shi da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi, kuma a shanye ko an ji sauƙi. Da rani kuwa, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, sanƙarau za a fara zato. Kamaru ta arewa da Cadi duk suna cikin yankinsa, don haka duba katinka, in babu allurarsa je a yi maka kafin hunturu ya kama.